Kyamarar mota da kai rahoton masu tuƙin ganganci: wacce za a saya, ina za a kai bidiyon?

Baban Amira, Jidda:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, don tun jiya hankalina bai kwanta ba. Wajen ƙarfe biyu saura na ɗauko yaran maigidana daga makaranta, muna kan titin Haramain, ina layin tsakiya ina tafiyata a hankali. Sai ga wani yaro da farar jif ya manne min a baya yana ta dalle ni da fitila. Dama da ni babbar mota ce, hagu kuma motoci ne ke gudu, ba inda zan kauce. Da ya samu 'yar kafa sai ya faɗa hagu, ya sha gabana, ya taka birki da gangan. Wallahi tsakanina da bayan motarsa bai kai kamu ɗaya ba. Ƙaramar yarinyar shekararta shida, bel ya riƙe ta, amma ya yi mata jan shaida a gefen wuya. Kafin in dawo hayyacina ya ɓace. Lambobi biyu kawai na iya riƙewa daga lauharsa, wato allon lambar motar, 7 da 4.

Da na isa gida na yi wa maigida bayani, ya ce ina shaida? Ban da abin cewa. Shi ya sa nake tambaya: wace kyamarar mota ce mai kyau da ba za ta wuce riyal 400 ba? In na ɗauki irin wannan, ina ake kaiwa? Kuma ni mai igamar direban gida, wato takardar izinin zama a Saudiyya, ba zan jawo wa kaina wata fitina ba?

Kawu Direba, Makka:
Wa alaikumus salam. Subhanallahi. Allah ya tsare gaba. Yaya jikin yarinyar?

Baban Amira, Jidda:
Da sauƙi Kawu, alhamdu lillahi. Tsoron ne dai bai sake ta ba. Yau da safe da ƙyar uwarta ta lallashe ta ta shiga motar.

Ɗan Sina'iyya:
Allah ya ƙara kiyayewa, Baban Amira. Bari in faɗi abin da na sani, tunda wayar mota ce sana'ata, kuma kusan kullum sai an kawo min dash kam, wato kyamarar mota, in ɗaura ko in cire.

Kafin ka kalli suna ko kuɗi, tambayi mai shago abu ɗaya: batir ne a cikinta ko kafasita? A ƙasar nan wannan ita ce tambaya ta farko. Motar da aka ajiye a rana a watan Yuli, gilashinta na gaba ko hannu ba ka iya ɗorawa a kai, kuma nan ne kyamarar take manne yini guda. Mai batir irin na waya kumbura take yi. A makon da ya wuce wani bawan Allah ya kawo min tasa, bayanta ya tsage, batirin ya taso kamar gurasa. Wata huɗu kacal ya yi da ita. Mai kafasita ba ta ajiye wuta mai yawa, iyakarta 'yan daƙiƙun da za ta rufe bidiyon ƙarshe idan mota ta mutu, amma tana jure zafi sosai. Irin su Viofo A119 da A129 da A229 duk kafasita ne. Sauran kamfanoni kuma ka duba kwalin da idonka, kada ka tsaya ga bakin mai sayarwa.

Na biyu, ƙarfin hoton. Amfanin kyamara ita ce ta karanta lauha. Idan mutum ya wuce ka da gudu, kyamara mai rauni farin abu kawai za ta nuna maka a wurin lamba. Nemi mai 1440, wato wadda ake kira 2K. Mai 1080 tana yi da rana, amma da dare fitila na wanke lambar.

Sannan abin da ya same ka jiya daga baya ya fara. Mai ido ɗaya ba za ta ga lokacin da ya manne maka yana dalle ka ba, sai dai shan gaban da birkin. In da hali, mai ido biyu, gaba da baya. In kuɗin bai kai ba, gara ka sayi mai ido ɗaya mai kyau da ka sayi mai ido biyu ta banza.

Autan Batha, Riyad:
Ni kyamarar 70mai nake amfani da ita a motar da nake kai saƙon abinci, shekara ɗaya da rabi ke nan. A noon, shagon intanet, na yi oda. Abin da ya sa nake sonta, manhajarta ba ta da wuya, kana haɗa ta da waya ka sauke bidiyon nan take ba sai ka zare memori ba. Amma maganar Yaya Ɗan Sina'iyya gaskiya ce, ni ba na barinta a gilashi in zan ajiye mota a rana. Zare ta nake in jefa a aljihun mota.

Ɗan Sina'iyya:
Hakan ma dabara ce Auta. Sai dai ranar da ka manta ba ka mayar ba, ranar abin zai faru.

Wani abu da mutane ke raina shi ne memori. Rabin waɗanda ke zuwa wurina suna cewa kyamara ta lalace, memorin ne ya mutu. Ita kyamarar nan rubutu take yi ba tsayawa, in ya cika ta goge na farko ta ɗora sabo. Memorin waya na yau da kullum ba a yi shi don wannan wahalar ba. Nemi SanDisk High Endurance ko Samsung PRO Endurance, 128GB in za ka iya. Kuma a saya a shago sananne irin Jarir ko eXtra, kada a saya a tire bakin hanya. Na sha ganin wanda aka rubuta masa 128 a jiki, cikinsa bai kai 16 ba, kyamara tana nuna tana ɗauka alhali ba abin da take ajiyewa. Duk wata ka goge shi daga cikin kyamarar, kuma lokaci-lokaci ka buɗe bidiyo ɗaya ka tabbatar yana nan.

Maman Walid, Jidda:
Sannu Baban Amira, Allah ya ba yarinya lafiya. Ni tun 2018 da aka ba mata damar tuƙi nake kan titi, kuma titin Haramain ɗin nan shi nake bi zuwa aiki, na san irin yaran da kake nufi.

Wurin kai rahoto shi ne manhajar Kulluna Amn, ta jami'an tsaro ce a ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida. Ba ta 'yan ƙasa kaɗai ba ce, mai igama ma yana rajista da lambar igamarsa da lambar wayarsa. In ka shiga za ka zaɓi ɓangaren da abin ya shafa: murur, wato 'yan sandan kula da zirga-zirgar motoci, idan cikin gari ne, amnuɗ ɗuruƙ, wato masu tsaron manyan hanyoyi, idan babbar hanya ce tsakanin garuruwa. Sai ka saka wurin a taswira, ka rubuta abin da ya faru, ka haɗa hoto ko bidiyo.

Shawarata, ka yi rajistar yau, tun babu abin da ya faru. Ranar da jikinka ke rawa ba ranar neman lambar sirri a saƙon waya ba ce. Kuma wajen rubutun kada ka tsawaita, kada ka zagi kowa. Rana, lokaci, sunan titi, ta wane ɓangare kake tafiya, kusa da wace gada ko mafita, irin motar da launinta, lambar lauha da haruffanta uku, sai abin da ya yi a jimla ɗaya ko biyu. In Larabcin rubutu na ba ka wahala, turo min ta gefe in rubuta maka, ko ɗaya daga cikin ɗalibanmu na Madina.

Ni sau uku na tura. Biyu na samu saƙo cewa rahoton ya shiga, ɗaya kuma aka kira ni aka tambaye ni daidai wurin. Abin da na lura, wanda aka kira ni a kansa shi ne wanda lauha ta fito tar a bidiyon.

Alhaji na Misfala:
Jama'a ku yi haƙuri, ni dai ra'ayina daban. Shekarata talatin da ɗaya a ƙasar nan. Abin da ya zaunar da mu lafiya shi ne kama kai. Kai baƙo ne, kana cin abinci a ƙarƙashin wani, ka je ka kai ƙarar ɗan gari da ba ka san ɗan wane ne ba? Gobe a kira ka ofis, maigida ya ji sunansa ya shiga wata magana, ya ce ka haɗa kayanka. Zama lafiya ya fi zama ɗan sarki. Kyamara dai ka saya don kare kanka, wannan na yarda. Amma kai ƙara, a bar wa Allah.

Maman Walid, Jidda:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, na fahimci tsoronka, kuma ba zan ce babu dalili ba. Amma yarinyar da bel ya yi wa shaida a wuya 'yar maigidan ce fa. Uban da aka nuna masa bidiyon wanda ya so ya kashe masa 'ya, ban ga yadda zai kori direban da ya kawo masa shaida ba. In ma ana gudun sunan direba ya fito, mota ta maigida ce, yara nasa ne, sai a ba shi bidiyon ya tura da kansa ta wayarsa.

Kawu Direba, Makka:
Wannan ita ce magana. Baban Amira, bi ta hannun maigida tun daga farko. Kada ma ka manna komai a motar mutum ba da izninsa ba. Ka same shi bayan la'asar in ya huta, ka ce masa saboda tsaron yara kake so a sa. Mafi yawansu su za su biya kuɗin ma.

Alhaji, bari in ba ka labarin abin da ya sa na daina ganin kyamara a matsayin kayan ƙawa. Bara, a Aziziyya, ina tsaye a ishara, wato danja, ja ta kama mu. Wanda ke gabana ya wuce layi, sai ya sa ribas zai dawo baya, bai duba ba, ya zo ya daki gaban motata. Fitila ɗaya ta fashe, bamba ta tsage. Ya fito yana ɗaga murya wai ni na buge shi ta baya. Kun san yadda abin yake, duk wanda ya ga gaban motarka a bayan ta wani, kai zai ba rashin gaskiya. Mutane suka taru, shi yana zuba Larabci kamar ruwa, ni kuwa in raina ya ɓaci Larabcin ma guduwa yake. Na yi shiru na buɗe manhajar Najm, kamfanin da ke tantance haɗarin mota don inshora, na shigar da haɗarin. Da ma'aikacinsu ya zo, ban ce komai ba, na miƙa masa waya. Ga motata a tsaye cik, ga fitilar ribas ɗinsa farare sun kama, ga shi yana tahowa. Daƙiƙa goma sha biyu. Aka rubuta masa kashi 100, ni sifili. Ba don wannan ba, da ni za a ɗora wa, kuma daga albashina za a cire.

Mu da harshenmu bai kai nasu ba, wannan 'yar na'urar ita ke yi mana magana.

Alhaji na Misfala:
To wannan kam na yarda da shi, ai shi na ce, don kare kai. Allah ya kyauta.

Ɗalibin Madina:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina so in ƙara abu biyu.

Na farko gargaɗi ne, kuma ina roƙo a ɗauke shi da muhimmanci. Bidiyon da ka ɗauka, hukuma za ka kai wa. Kada a sa shi a TikTok, kada a sa a Facebook ko sitatus na WhatsApp, kada ma a turo shi cikin zauren nan. Dokar laifukan intanet ta ƙasar nan, wadda aka kafa a 2007, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya da tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko ɗaya daga ciki, ga wanda ya keta sirrin mutane da kyamarar waya ko ya ɓata musu suna ta hanyar na'ura. Fuskar mutum da lambar motarsa a bainar jama'a tare da zagi a ƙasa, wannan shi ne tashhir da suke faɗa. Sai ka wayi gari wanda ya zalunce ka shi ne mai ƙara, kai ne ake nema. Zaurenmu mutum sama da ɗari biyu ne, ba wanda ya san inda bidiyo zai kwana in ya fita daga hannunsa.

Na biyu, game da maganar Baba Alhaji ta a bar wa Allah. Da girmamawa, Baba, kai rahoton mai tuƙin ganganci ba gulma ba ce, ba kuma tona asirin musulmi ba ne. Abin da ya yi a tsakiyar titi ya yi shi, gaban kowa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a taimaki ɗan'uwa ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta, kuma ya bayyana cewa taimakon azzalumi shi ne a hana shi zaluncin. Yaron nan in tara ta same shi yau ya shiga taitayinsa, an taimaki uwarsa. Mu a nan Madina muna sallar gawa a Harami kusan bayan kowace salla, kuma na taɓa tsayawa a kan ta abokin karatuna da aka kwaso daga titin Hijira. Tun ranar ban ƙara ganin wannan a matsayin ƙaramin abu ba.

Sharaɗi dai a faɗi gaskiya. Kada a ƙara gishiri, kada a yanke farkon bidiyo don a ɓoye abin da kai ka fara yi.

Alhaji na Misfala:
Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa. Malam, na ji. Ban da ja a kan hadisi. Ni dai a bi ta hannun mai motar, shi ne kawai.

Autan Batha, Riyad:
Amin. Wani abu kuma, don Allah kada wanda ya ce tunda ba shi da dash kam zai ɗaga waya ya ɗauka yana tuƙi. Riƙe waya a hannu kana tuƙi tararsa riyal 500 zuwa 900 ce, kuma kyamarorin kan titi suna kamawa da kansu, kamar yadda suke kama rashin bel. Na san wanda ya bi wani mai ganganci a Da'iri, titin zobe, yana ɗaukarsa da waya, kafin ya isa gida saƙon muhalafa, wato tarar laifin tuƙi, ya shigo masa. Kuma bin mutum a guje don ka samu lambarsa, ku biyu kun zama abu ɗaya ke nan.

Baban Amira, Jidda:
Na gode ƙwarai jama'a. To shi irin abin da yaron nan ya yi min, akwai hukuncinsa a doka, ko sai an yi karo tukuna?

Maman Walid, Jidda:
Akwai. Kutsawa da gudu tsakanin motoci, abin da suke kira murawaga, tararsa riyal 3,000 zuwa 6,000 ce. Haka tsallake jar ishara, haka tuƙi a hannun da ba naka ba kana fuskantar motoci. Bin gefen titi bayan layin nan mai ruwan ɗorawa don a wuce cunkoso, 1,000 zuwa 2,000. Rufe lauha ko shafe lambarta ma akwai tararsa. Shi kuwa tafhiɗ, wasan jujjuya mota da samari ke yi, karon farko riyal 20,000 ne da tsare motar kwana 15, na biyu 40,000, na uku 60,000. Su murur ne za su duba bidiyon su ga wane laifi ne, kai naka ka nuna abin da ya faru.

Mai Tirela, hanyar Yanbu:
Salamu alaikum. Yanzu na tsaya a mahaɗɗa, wato gidan mai, na karanta duka. Ni abin da zan ƙara, a bambanta abin da ya riga ya wuce da abin da ke kan faruwa. Wanda ya sha gabanka ya tafi, wannan na manhaja ne, in ka tsaya ka tura a natse. Amma in ka ga mota ta shigo hannun da ba nata ba a babbar hanya, ko direba yana tangaɗi daga layi zuwa layi alamar barci, ko raƙumi ya tsallako shinge da dare, wannan ba na cike fom ba ne. Kira za ka yi. A yankin Makka, wanda Jidda da Ɗa'if ke ciki, da Madina da Riyad da Sharƙiyya, 911 ne. A sauran yankuna 996 na tsaron manyan hanyoyi, 993 murur, 999 'yan sanda. Motar asibiti 997.

Kuma ku koyi duba allunan kilomita da sunan mafita. In ka kira ka ce ina hanyar Madina, ba ka faɗi komai ba, hanyar ta fi kilomita 400. Ka ce na wuce mafita kaza, ina fuskantar Madina, farar Hilux ce. Titin Hijira an yarda ƙananan motoci su yi 140 a wasu wurare, to ka lissafa, a minti ɗaya mutum ya ci fiye da kilomita biyu. In ba ka ba su wuri daidai ba, ina za su tare shi?

Wata dabara da wani tsohon direba ya koya min: in abu ya faru, karanta lambar motar da ƙarfi. Ko hoton bai fito ba, muryarka ta shiga bidiyon. Lamba huɗu, harafi uku, ka maimaita sau biyu. Sannan ka danna maɓallin kulle bidiyo don kada ta goge shi.

Kawu Direba, Makka:
Dabarar tana da kyau ga mai tirela da yake shi kaɗai a mota. Amma direban gida ya yi hattara da ɗaukar murya. Kana ɗauke da matar gida da 'yan mata, suna hirarsu ta cikin gida, suna waya, kyamara na naɗewa. Ranar da aka gane, ko da kyakkyawar niyya ka yi, amana ta karye. Ni a motar gidan da na yi wa aiki a Rusaifa, a gaban maigida na kashe makirfon ɗin, na nuna masa alamar a allo. Mai ido na uku da ke kallon cikin mota kuwa, kada ma ka fara.

Mai Tirela, hanyar Yanbu:
Gaskiyarka Kawu, ban yi tunanin wannan ba.

Ɗan Sina'iyya:
Akwai mafita. Yawancinsu suna da maɓallin makirfo a jiki, dannawa ɗaya ne. A bar shi a kashe. In abu ya faru ka danna, ka karanta lamba, ka sake kashewa. Amma maigida ya san da haka.

Wajen ɗaurawa: bayan madubin tsakiya, sama, inda ba za ta tare maka gani ba, kuma inda waifa ke sharewa. A tura wayar ta cikin rufi ta sauko ta gefen ƙofa, kada a bar ta tana lilo, kada kuma a bi da ita ta gaban jakar iskan da ke jikin ginshiƙin. Mai manne da gam ta fi mai roba mai tsotsa, don zafi na sakin robar, ka dawo ka tarar da ita a ƙasa. In kana so ta riƙa gadi bayan ka kashe mota, sai an ja mata wuta daga akwatin fis da wayar da ke yanke wuta in batirin mota ya yi ƙasa. Idan motar sabuwa ce mai garanti, a tambayi wakala, wato dillalin kamfanin motar, kafin a taɓa fis. Ramin caja ya ishe ka don abin da kake nema.

Sai agogo. Ku daidaita kwanan wata da lokaci, ƙasar nan GMT+3 ce. Na ga bidiyo mai kyau da ya nuna shekarar da ba ita ba da ƙarfe uku na dare alhali rana tsaka ne. Irin wannan yana raunana shaida.

Hajiya Babba, Jarwal:
'Ya'yana Allah ya yi muku albarka. Ni ba na tuƙi, amma jikokina biyu suna yi, kuma azumi na tafe. Wannan rabin awar kafin magariba, kowa na gudun ya sha ruwa a gida, ita ce ke tayar min da hankali duk shekara. Zan sa a saya musu. Tambayata, ita kyamarar in su ne suka yi laifin, tana nunawa?

Ɗan Sina'iyya:
Tana nunawa Hajiya. Mai GPS ma har gudun motar take rubutawa a ƙasan hoton. Ba ta san mai ita ba.

Hajiya Babba, Jarwal:
To irin wannan nake so. A sa musu mai rubuta gudun, kuma duk Juma'a zan sa a buɗe min in gani.

Maman Walid, Jidda:
Hajiya kin yi daidai. Tana da wani amfanin kuma. In aka rubuta maka muhalafar da kake ganin ba ka yi ba, ana shigar da ƙorafi ta Absher, manhajar ma'aikatar cikin gida, cikin kwana 30. To ko kafin ka shigar, bidiyon ranar zai nuna maka ko kana da gaskiya ko ka manta ne. Matsalar ita ce memori na goge na baya cikin 'yan kwanaki, wani ma cikin yini ɗaya in ƙarami ne. Saƙo na shigowa, a je a sauke bidiyon lokacin a ajiye a waya.

Sannan wanda igamarsa ta mutu ko ba shi da ruksa, wato lasisin tuƙi, don Allah ya fara gyara takardunsa kafin ya kama sitiyari. Kyamara ba za ta rufa masa wannan ba.

Baban Amira, Jidda:
Jama'a ga yadda aka yi. Na bi shawarar Kawu, na samu maigida shekaranjiya bayan la'asar. Ban ma gama bayani ba ya ce nawa ne. Ya ce a sa mai ido biyu, a sa wa motar uwargida ma. Na nuna masa saƙon Ɗan Sina'iyya na fassara masa, ya yi odar Viofo da memori 128 da kansa. Maganar makirfo kuwa ya ji daɗinta sosai, ya ce a bar shi a kashe. Ya kuma ce duk abin da aka ɗauka in kawo masa, shi zai tura ta Kulluna Amn ɗinsa. Ni ma na yi tawa rajistar, ta karɓi igamata ba matsala.

Yarinyar da na gaya mata za a sa kyamara mai ganin masu gudu, ta ce a sa ta bayan ta ɓangarenta.

Ɗan Sina'iyya, kayan za su iso Laraba. Yaushe zan kawo motar? Safe ba zai yiwu ba saboda makaranta.

Ɗan Sina'iyya:
Alhamis bayan isha, lokacin gari ya yi sanyi gam ya fi kamawa. Ka wanke gilashin ta ciki kafin ka zo, gaba da baya. Ka taho da wayarka da caji, in haɗa maka manhajar, mu zagaya unguwa sau ɗaya ka gwada kulle bidiyo da sauke shi da hannunka. Motar uwargida kuma a kawo ta Asabar.